Gwangwanin Fansar Gona

…saba'in da huɗu kuma. A'a. Ba zai yiwu ba. Bari in sake, a hankali, kada zafin bazarar nan ya juya min kai.

Takardun kuɗi a nan, bisa tabarma. Goma… ashirin… wannan ta yage a gefe, Allah ya sa Alhaji Falalu ya karɓe ta… talatin… Saba'in da ɗaya. Jaka saba'in da ɗaya cif, duk na takarda. Ƙwallayen aduwa ma haka suka ce: saba'in da ɗaya a ƙoƙon dama, tara sun rage a na hagu. To waɗannan ƙarafan fa? Dala goma-goma, har guda sittin, jaka uku ke nan, tunda dala ɗari biyu ce jaka. Daga ina? Ni ban taɓa jefa tsaba a gwangwanin nan ba, Attahir, ka sani… a'a, ina za ka sani, kana can inda kake.

Ka ji na kama sunanka. A zuciya ne, babu mai ji. Shekara goma sha biyu bakina bai furta shi ba, sai Baban Haris, sai maigida, sai «shi». Yanzu da ba ka nan na maida shi kamar carbi. In ka dawo ka ce na yi rashin kunya, ni dai ka dawo tukuna.

Kai ka tsinto ƙwallayen nan, ka tuna? Ƙarƙashin aduwar da ke tsakiyar gonar, ranar da kuka dawo daga gaban mai gari. Ka zube min su a zane, tamanin, ka ce, «Raishatu, tunda ba ki iya biro ba, ga littafinki. Jaka ɗaya, ƙwallo ɗaya. Ranar da ƙoƙon hagu ya zama wayam, gona ta dawo gida.» Har da dariyarka. Ni ban yi dariya ba. Uwarka kwana arba'in da binnewa, kuɗin likitar Damagaram sun cinye tumaki sun cinye kwanonin aurena, ga bashin magani, ga kai kana shirin hawa motar Agadas… jaka tamanin, jingina. Alhaji ya noma gonar Baba, mahaifinka, har ranar da za mu maida masa kuɗinsa. Babu ƙari, babu ragi. Sharaɗi ɗaya ne, liman ya maimaita shi sau biyu: a biya kafin iri ya shiga ƙasa. In iri ya shiga, shekara ta zama ta mai iri, sai kuma wata.

Damina uku ke nan.

Ka ce damina ɗaya. Kai da bakinka mai zaƙi! «Kafin a yanke gero kin ga saƙona.» Na gani, ban ce ban gani ba. Jaka goma sha biyar, sannan goma. Sannan shiru. Sauran duk hannun nan ne, Attahir, dube shi, ya yi kaushi har Haris na cewa ina soke shi in na shafa masa baya.

To, dala goma-goma sittin…

Maƙeri ya liƙe min gwangwanin nan da darma, babban gwangwanin madara, ya bar tsaga ɗaya siririya. Ni na ce ya liƙe. Na san kaina. Na san ranar da yaro zai yi zazzaɓi, ranar da tukunya za ta kwana bushe, hannuna zai tafi can da kansa. Sai na tara tsaba a bakin kallabi, in ta kai jaka in kai wa mai butik, mai kantin nan, ya ba ni takarda, in naɗe ta ƙanana in tura, in ɗauki ƙwallo ɗaya daga hagu zuwa dama. Ban taɓa kuskure ba. Ko na taɓa? Yau da hantsi na sa wuƙa na yanke murfin, har ta ɗan taɓa min yatsa, ina jiran takardu kawai, sai na ji ƙarara… ƙarfe na zuba bisa tabarma. Gabana ya faɗi. Mutum ya ga kuɗinsa sun ƙaru amma gabansa ya faɗi, ka ji min ikon Allah.

Radiya? Haba. Yarinyar da takalminta na lekwal, na zuwa makaranta, ɗaure yake da waya, ina ta ga dala goma? Da ta samu da alewa ta sha, jininka ce.

Jiya Alhaji Falalu ya zo da kansa. Bai aiko ba, kuma bai shigo ba, ya tsaya can bayan darni ya yi sallama ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji. Mutumin kirki ne, ba na zaginsa, ko a zuciya. Ya ce an yi ruwa wajen Tarka, hadari na yawo gabas, gata zai tura yaransa su yi binne, su zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Ya ce, «Na ji an ce kina ƙoƙari, Raishatu. Shi ya sa na zo in gaya miki da bakina, kada ki ji a gari.» Jibi ke nan yanzu. Yau kasuwar Belbeji, gobe babu kasuwa, jibi iri ya shiga ƙasa. Ni kuma Baba… zai ga wata bazarar? Tarin nan nasa. Ƙafafunsa sun zama kamar kara.

«Kada Baba ya sani.» Maganarka ta ƙarshe a bakin mota ke nan. Ba ka ce ki kula da kanki ba, ba ka ce komai ba, kada Baba ya sani. Gonar da ya sare da hannunsa tun idonsa na gani, tun garin nan bukkoki bakwai ne, har yau in an ce gonar Audi kowa ya san tudun aduwa ake nufi. Ka ce in ya ji zuciyarsa za ta buga. Na ce to. Ni ce sarkin «to».

Ka san abin da ka bar min? Ƙarya ka bar min, in yi ta renonta kamar jariri. Damina ta faɗi in fita da hauya da sassafe, in bi ta gabansa, in ce Baba na tafi gona. Ba ƙarya ba ce duka, gayaunata nake zuwa, 'yar tsirin nan ta bayan gari mai jar ƙasa. Ya ce, «A gaida aduwa.» In ce za ta ji. In gero ya fara ido, al'adarsa ce tun kafin a haife ka, tumun farko daga gonarsa shi ke fara ci. Sai in karyo daga gayauna, in gasa, in murje masa a tafi. Ya hura, ya watsa a baki, ya yi ta taunawa da 'yan haƙoran da suka rage… ya ce alhamdu lillahi. Bara ya riƙe zangarniyar ya daɗe, yana shafa ta daga gindi zuwa kai, daga kai zuwa gindi. Ya ce, «Bana ta yi gajarta.» Na ce ruwa ne bai isa ba, Baba. Ya ce haka ne, 'yata. Na shiga ɗaki na cusa kaina a zane.

So nake sau ɗaya, sau ɗaya tak, in miƙa masa tumun aduwa na gaskiya. In ce ci, Baba, bakina bai yi ɗaci ba. Shi ke nan abin da nake tarawa. Ba gona ba ce ma, wallahi, tumu guda ne.

Saba'in da huɗu. Saura shida. Da safe na ɗauka tara ne, yanzu shida. Ya kamata in yi murna ko?

Me kuma zan rage? Gaya min, kai mai dabara. Tiya guda muke dakawa a rana lokacin da kake nan. Na sa tsinin wuƙa na ja layi a cikin ƙwaryar awo, yatsa biyu ƙasa da baki, nan nake tsayawa. Bara na sake jan wani layin ƙasa da wancan. Mai sai ranar Juma'a, shi ma a shafa ne. Ruwan famfo bido biyu, jarka biyu tak, sauran in tafi rijiya da ƙafata, kafin in dawo rana ta take. Sabulu in raba shi huɗu da zare. Tabarmi nawa na saƙa? Ciyawa dami nawa na ɗauko a kai na kai wa masu awaki? Dakau a gidan maƙwabciyarmu Balki, ranar da bayana ya riƙe na ƙarasa a durƙushe… ba ƙorafi nake ba. To, ƙorafi nake. Wa zan yi wa in ba kai ba?

Shayin Baba ne ya fi min ciwo. Kofi uku yake sha, ka sani, tun zamansa da Buzaye masu rakuma, na farko mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi. Na maida shi biyu. Na maida shi ɗaya. Na fara shanya ganyen jiya ina sake dafawa. Ya kurɓa ya ce, «Kai, hannunki ya iya shayi.» Ruwan zafi ne mai launi, Attahir! Ni na san abin da na zuba.

Akuyar Dado tana kuka a turke. Ta ji ƙarar kuɗi ita ma? Kada ki dube ni, ba zan taɓa ki ba. Da tawa ce da tuni… Amma ta Dado ce, ƙawata ta wajen Tenhya, habbanaye ta ba ni: in riƙe, in sha nono, in ta haihu 'ya'yan nawa, uwar ta koma gida. Ta kamo ta da igiya tun daga rugarsu a ƙafa, ta damƙa min, ta ce saboda tsohon nan, ya samu abin zubawa a fura. Mai sayar da akuyar habbanaye ba ya sake ɗaga kai a kasuwa har ya mutu, 'ya'yansa ma sai an nuna su da baki. 'Yar da ta haifa kuwa kwananta ashirin, ko tsayuwar kirki ba ta iya ba. Wa zai saya?

Aro? Balki na bi na dala ɗari tun suna. Garin nan kowa ƙwaryarsa da layi a ciki, bazara ce.

Bari in jera ƙarafan nan goma-goma, ko hankalina zai kwanta. Ɗaya, biyu… sun yi santsi, kamar an daɗe ana murza su. Shida… bakwai…

Tsaya.

Wannan… wannan mai lanƙwasar baki. Na san ta. Na san ta kamar yadda na san tabon goshin Haris. Mai sayen tabarmi ya haɗo min da ita a canji, mai butik ya ƙi karɓa, mai famfo ya ƙi karɓa, na yi kwana shida ina yawo da ita a kallabi. Ranar kasuwa na ce… Allah ka yafe min… na ce in makaho ne ya miƙa wa mai goro ai ba zai ƙi ba. Na sa wa Baba ita a tafi.

Innalillahi.

Kuɗin goronsa. Duk ranar kasuwa dala goma, ita kaɗai ce ban taɓa yankewa ba. Na yanke mai, na yanke sukari, na yanke cikina, wannan na kasa. Ba don kirki ba, kada ka yaba min. Sau nawa na yi ƙunƙuni a madafa? Tsoho ba haƙori sai cin goro, muna tsimin gishiri shi yana tofar da kuɗi a ƙasa. Na faɗa, da bakin nan, ina tuƙa tuwo, ƙasa-ƙasa. Amma in na zo wucewa ya buɗe tafinsa haka, sai in kwance kallabi in sa. Ya ce Allah ya yi albarka. Ya ce in la'asar ta yi zai lallaba da sandarsa wurin mai goro.

Jan yawun nan da nake sharewa gefen tabarmarsa kowace safiya ina tsaki… yaushe na daina ganinsa? Yaushe? Ni ke wanke kofinsa. Ni ke wanke rigarsa, da can gabanta duk ɗigon goro. Fara fat take yanzu, ina ta yabon sabuluna, ashe… Ido biyu gare ni, Attahir, biyu, lafiyayyu!

Sittin. Kasuwa sittin. In na koma baya… kaka ta wuce, damina ta wuce, bazarar bara… ƙaramar sallar bara. Ranar da ka kira. Kiranka na ƙarshe.

Wayyo ni. Ni ce.

Salular mijin Balki, wayarsa ta hannu, aka kawo min da gudu, ka san ba ta kamawa sai gindin rumbu. Baba na kwance a inuwar rumbun, ya rufe fuska da rawani, na ce barci yake. Muryarka na zuwa tana yankewa, iska, hayaniya, kana cewa nawa ya rage, nawa ya rage, ni kuma ina ihu kamar mai kiran shanu: saura arba'in da biyu! Alhaji zai sake nomawa bana! Gwangwanin na ƙarƙashin gado, kada ka damu! Har inda yake na faɗa. Har inda yake! Ka ce me? Na sake faɗa. Sai layin ya mutu. Na tsaya ina alo, alo, Baba bai motsa ba, ko numfashinsa bai sauya ba. Da na zo wucewa na gyara masa rawanin don ƙuda.

To in na tafi rijiya ke nan. Yara na waje, gida shiru. Ya tashi, ya lalubo sanda, taki goma sha nawa ne daga rumbu zuwa ƙofata? Shi ya gina ɗakin, ya san kowane tubali. Ɗakin surukarsa, Attahir, mutumin da ko inuwar ƙofata ba ya tsayawa don kunya. Ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa masu ƙara, ya miƙa hannu ƙarƙashin gado, ya lalubi tsagar… sau sittin. Ya maida gwangwanin daidai inda yake, ya share sawunsa ko me? Ban taɓa ganin sawu ba. Ban taɓa dubawa ba.

Mutumin da in bai ci goro ba kansa ke sarawa. Ka tuna shekarar da goro ya yanke, ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwa? Wata goma sha huɗu. Ina cewa tsufa ne ya sa yake dafe kai da hantsi. Har jiƙo na dafa masa.

Kuma ya ci tumun. Ya sani, ya ci. «Bana ta yi gajarta.» Yana «a gaida aduwa», ni ina «za ta ji»… Tsohon nan! Tsohon nan ya zauna yana kallona da makafin idanunsa ina ta zuba, yana gyaɗa kai. Ni ina lallaɓa shi kada zuciyarsa ta buga, ashe shi ke lallaɓa ni. Haushi nake ji, wallahi haushi, kamar in fita in ce masa Baba me ya sa… me ya sa me? Me zan ce? Kunya za ta kashe mu mu biyu a tsakar gida.

Ina son tsohon nan. Ban taɓa faɗa ba, ba a faɗa. Ubana ya rasu ina goye, ban san muryarsa ba. Ranar da aka kawo ni gidan nan ina kuka, Baba ne ya aiko min da dabino bakwai a hularsa, ya ce a gaya wa baƙuwa nan ma gida ne. Kai kana can kana washe baki da abokanka.

Hawaye na ɗiga bisa takardun mutane. Bari in matsar da su.

Shida. Har yanzu saura shida, da goronsa da komai. Wata goma sha huɗu na ciwon kai, bai kai ba.

Ba na so in ɗaga kai. Na san abin da ke rataye can. Tun jiya nake kewaya shi da ido, in shigo in dubi ƙasa, in fita in dubi ƙasa.

Irin. Buhun irin Baba, a rataye a azara don ɓera. Tiya takwas, ni na auna. Geron ubansa ne, gajere mai saurin nuna, wanda ke yi ko ruwa ya ɗauke da wuri. Alhaji nasa irin yake zubawa, na kasuwa. Wannan a gayaunata kaɗai ya rage, damina uku ina zaɓen manyan zangarniya ina ɓoyewa, yara na kallo da yunwa ina cewa ba na ci ba ne. Don ranar da gona za ta dawo. Kowace shekara kafin shuka sai na kai masa a ƙwarya, ya nutsa hannu har wuyan hannu, ya yi addu'a, ya tofa.

Yau da safe, ina ba shi ruwan zafin da nake kira shayi, ya ce… ba da ni yake ba, da iska yake… ya ce, «An ce gero ya hau. Tiya dala ɗari da hamsin a Belbeji.» Na ce uhm. Ya kurɓa. Ya sake cewa, «Ɗari da hamsin. Mai tiya takwas ai ya yi jaka shida.» Na ce a raina tsoho ya fara sambatu, ina ruwanmu da masu tiya takwas.

Ashe ya ji Alhaji ma. Bayan darni, ƙasa-ƙasa, ya ji. Ya san ƙwallayen da suka rage a ƙoƙon hagu, ya taɓa su, ya ƙirga, ya cire nasa uku. Ya yi lissafin kafin ni. Irin ubansa yake ce min in sayar, Attahir, ba tare da ya ce ba, don kada in san ya sani.

To in na sayar? Gona ta dawo, babu abin zubawa. In je in roƙi Balki tiya biyu na geronta, in shuka a tudun aduwa, ya fito dogo baƙo. In karyo masa tumu… gonarsa ce amma ba geronsa ba. Da can geronsa ne ba gonarsa ba. Ya Rabbi, ba za su taɓa haɗuwa a tafin tsohon nan ba ne? In na ƙi sayarwa kuma, jibi yaran Alhaji su binne nasu, mu jira wata shekara, da tarin nan.

Ko in rage cikin tafi ɗaya? Masu awon Belbeji sai tiya ta yi tozo suke yarda, ta takwas ba za ta cika ba, su rage min dala goma, dala ashirin, in je gaban mai gari da tamanin ba kaɗan… Alhaji zai yafe, na sani. Amma Baba bai taɓa biyan bashi da ragi ba, kuma zai tambaya. A'a, ba zai tambaya ba. Shi ne abin.

Kai da ka haɗa wannan duka, kana ina? Kana da rai? In kana da rai me ya hana ka kiredin waya na dala ashirin? In ba ka da… a'a. Ban ce ba. Tofi. Rigarka na nan a ƙasan akwati, ban sayar ba, ka ga, ita ma an taya.

Ga ƙarar amalanke can bakin hanya, masu kasuwa sun fara tafiya. Kuɗin hawa ma ban ware ba. Da ƙafa zan je, buhun a kai, in na bi ta gabansa zai ji. Gero na da ƙara in ana tafiya da shi, shuu, shuu, shi da ke gane jakin kowa da takunsa. Zan ce Baba na tafi kasuwa. Zai ce a dawo lafiya. Ba zai ce mene ne a kanki ba. In tsaya ya nutsa hannu sau ɗaya? In na tsaya ai na faɗa ke nan. In ban tsaya ba…

Iskar ta sauya. Labulen ƙofa na motsi, akwai sanyi-sanyi a cikinta, daga gabas.

«Raishatu.»

Na'am, Baba.

«Rana na yi.»

Ina zuwa, Baba.

Ina hango shi ta gefen labule. Ya matso bakin hanyar da zan bi, ya zauna, ya jingine sanda. Ya riga ya ɗora hannun bisa gwiwa, tafin a buɗe. Yau kasuwa. Dala gomarsa yake jira.

Tana nan a ƙullin kallabi, tun shekaranjiya na ware ta. Zan sa masa, zai ce Allah ya yi albarka, zai ce in la'asar ta yi zai lallaba wurin mai goro. In na yi nisa ya tashi, ya lalubo sanda, ya durƙusa, ya miƙa hannu ƙarƙashin gado…

Na yanke murfin. Na yanke shi, Attahir, bakin duk tsini, har ni ya yanka. Ina danna shi yana tashi, ina danna shi yana tashi… zai yanke masa yatsa… zai ji babu komai a ciki… bari in danna kuma. Ina zuwa, Baba. Ina zai saka dala gomarsa yau?